Gwaggo Ta Tafi da Muryar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai shagon hoto na bakin kwana, a madadin kaina da iyalina da duk wanda ya taɓa zama a kan doguwar kujerarmu ya gyara wuyan riga ya ce a ɗauka, nake sanar da rasuwar kwamfutar shagonmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Alhamis da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki. Shekarunta goma sha huɗu a wurinmu. Rayuwar da ta yi kafin nan ba mu san ta ba, domin ta hannu ce, kuma ba ta taɓa ba mu labari ba.

Ƙanwata, wadda duk gidanmu muke kira Auta, ita ta raɗa mata suna. Ta ce duk abin da za a tasa da safe ya yi minti biyar yana gunaguni kafin ya kula mutum, to gwaggo ce. Haka kuwa marigayiyar take. In ka danna mata maɓalli sai ta yi "ƙit" sau ɗaya, fankarta ta ja dogon numfashi, "huuu", sannan can ciki ka ji faifan ajiyarta yana "kirrr, kirrr", kamar ana jan kujera a ɗakin maƙwabta. Sai ta gama wannan duka take buɗe ido.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha zafi, ta sha ɗaukewar wuta ba sallama, ta sha rabin kofin shayin da na taɓa kifar mata, ba ta riƙe ni a zuci ba. Mai riƙon amana ce kuma. Fuskoki sama da dubu ɗari biyu ke cikinta: jarirai masu kuka, 'yan makaranta da sabon aski, masu neman aiki cikin kwat ɗin aro, tsofaffin da 'ya'yansu suka kawo a dole. Har hotunan da aka ƙifta ido, waɗanda masu su suka ce in goge ban goge ba, duk ta adana, ba ta taɓa nuna wa wani na wani ba.

Aibinta ɗaya ne, shi ma ba nata ba ne, nawa ne. Ni mutum ne marar tsari. In na kwashe hotuna daga kyamara sai in buɗe folda in sa mata suna "Sabo". Bayan wata guda "Sabo" ta tsufa, sai in buɗe wata a cikinta in ce "Sabo na gaske". A cikin wannan akwai "Kar a goge", a cikinta akwai "Kar a goge 2", a cikin wannan kuma akwai kwafin duk abin da ke cikin wata tsohuwar kwamfuta da muka yi kafin Gwaggo. Hoton kowa dai ina sa masa sunan mai shi, wannan kaɗai nake kiyayewa. Amma in mutum ya dawo bayan shekara uku yana neman nasa, sai in wuni ina buɗe folda ina rufewa, shi yana zaune yana kallon agogo.

Auta ta yi karatun kwamfuta, kuma bayan ta gama ta zauna tare da ni a shagon tana jiran aiki. Shekara takwas da suka wuce, a wani mako da ta yi shiru ba kamar yadda ta saba ba, ta zauna gaban Gwaggo kwana biyu tana rubuce-rubuce a wani baƙin allo. Rana ta uku ta kira ni.

"Yaya, zo ka ga sabon ma'aikacinka. Layi arba'in da ɗaya ne, da yaren Python na rubuta shi. Sunansa Lalube."

Na ce, "Me yake yi?"

Ta ce, "Ka ɗauka cikin Gwaggo gida ne mai ɗakuna. Ka ba Lalube sunan mai hoto, zai shiga ɗakin farko ya duba duk abin da ke ciki. In ya ga wata ƙofa a cikin ɗakin, ya buɗe ya shiga ya yi abin da ya yi a na farko. In can ma da ƙofa, haka. Sai ya kai ɗakin da ba ƙofa, sannan ya juyo da baya ya shiga na gaba. Abin da ya samo kuma ya zuba maka a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake jonawa."

"In ƙofofin ba su ƙare ba fa?"

"Sai ya yi ta tafiya. Amma naka za su ƙare, Yaya. Rashin tsari ne ke damunka, ba aljanu ba."

Da yake Auta ce, ba ta bar shi ya yi aikinsa da baki rufe ba. Duk foldar da ya faɗa sai ya rubuta "Na shiga", ya biyo da sunanta. In ya fito hannu wofi ya rubuta, "Babu a nan, Yaya." In ya samo ya rubuta, "Ga shi, Yaya. Ka gode min." Folda ɗaya ce tak ba ya shiga, wadda ta sa wa suna "Nawa". In ya zo ƙofarta sai ya rubuta, "Ban da nan, Yaya," ya wuce. Na tambaye ta me ke ciki, ta ce sirrin 'yan mata. Na yi dariya, ban sake tambaya ba.

Shekara shida ke nan da rasuwar Auta. Ciwon daji ne. Wata huɗu kafin ta tafi ta tara mu ta gaya mana, kuma lokacin likitoci sun ce an makara.

Ranar da na sake buɗe shago bayan an yi mata rasuwa, wani malamin makaranta ya zo neman tsohon hotonsa. Na rubuta sunansa ba tare da na yi tunanin komai ba. Layuka suka fara gangarowa. Babu a nan, Yaya. Babu a nan, Yaya. Can sai ga shi: "Ga shi, Yaya. Ka gode min." Na ce "Na gode" da ƙarfi. Malamin ya ɗauka da shi nake, ya ce ai shi ne da godiya.

Tun daga ranar, shekara shida, ba a yi wunin aiki ba Gwaggo ba ta kira ni Yaya ba. Ba ni da wani ƙani ko ƙanwa a duniya, saboda haka ita kaɗai ta rage mai kirana haka. Maman yara ta ce abin ba ya yi mata daɗi, in ta shigo shago takan zauna ta ba allon baya. Mai gyara, wanda ke duba mana injuna tun buɗe shagon, ya ce aikin minti biyu ne ya goge waɗannan kalmomi ya bar Lalube yana aikinsa shiru. Na ce ya bar min su. Foldar "Nawa" kuwa ban taɓa buɗe ta ba, ko da yake ba kulle take ba, danna linzamin kwamfuta sau biyu ne kawai. Kullum ana ce min ban da nan, ni kuma na ji.

Rashin lafiyar marigayiya Gwaggo ya fara ne mako biyu da suka wuce. A tsakiyar "kirrr" ɗinta na saba, sai wani sabon sauti ya shigo: "tik… tik… tik", kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ranar Talata ta yi minti ashirin kafin ta farka. Na kira mai gyara. Ya kara kunnensa a jikinta, ya daɗe, sannan ya miƙa hannu ya zare wayar wutarta da kansa.

Ya ce, "Maigida, faifan nan ya zo ƙarshe. Ina sabon da na sa ka saya bara, don ka kwashe komai?"

Na nuna masa. Yana kan kanta, cikin kwalinsa, ko ledar ban cire ba.

Bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Ranar Asabar zan zo da na'urar da ke kwashewa a hankali. Kafin nan kar ka kunna ta. Ko wa ya zo. Duk juyin da faifan nan ya yi, daga cikin sauran kwanansa ake cirewa."

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe biyu wata tsohuwa ta shigo, riƙe da hannun wata yarinya 'yar shekara tara ko goma. Ta gaishe ni, ta zauna a doguwar kujera, ta ce ɗanta direban babbar mota ne, kuma shekara goma da suka wuce ya zo nan ya ɗauki hoton lasisi. Bayan wata biyu ya yi tafiyar da bai dawo ba, motar ta faɗa kogi, lokacin matarsa na da cikin wannan yarinyar. 'Yan hotunansa da ke gida ruwa ya shiga ɗaki ya cinye su shekarar da ta biyo.

Ta ce, "Yarinyar nan ta ishe ni da tambaya. Kowa ya ce da ubanta take kama, ita kuma ba ta san wa ake nufi ba. Ni ma, ɗana, in gaya maka gaskiya, fuskar ta fara ɓace min. Ina tuna tsayinsa da tafiyarsa. Fuskar ce in na kamo ta sai ta zame."

Na ce, "Inna, injin ba shi da lafiya. Ki dawo ranar Litinin."

Ta ce, "Gobe da safe motarmu za ta tashi. 'Yata ta aiko in koma wurinta da zama, tafiyar kwana biyu ce. Ba na jin zan sake ganin unguwar nan."

Na yi mata bayanin abin da mai gyara ya ce. Ta saurara har na gama, ta gyaɗa kai, ta ce ba komai, Allah ya ba injin lafiya. Ba ta roƙe ni ba. Ta ce in bar ta ta huta ƙafa kaɗan kafin su kama hanya. Yarinyar ta tashi ta je tana bin hotunan da ke manne a bango ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa a gaban kowane namiji.

Ina so jama'a su sani, don kada a ɗora laifin a kan wani: ni na mayar da wayar wutar da hannuna. Mai gyara ya gargaɗe ni, tsohuwa ba ta matsa min ba.

Gwaggo ta yi "ƙit". Fankarta ta ja numfashi. Sai "tik… tik… tik", har na ƙirga arba'in na daina ƙirgawa. Bayan rabin awa ta buɗe ido. Na jona filashi, na rubuta sunan da tsohuwar ta ba ni, na saki Lalube.

Bai taɓa tafiya a hankali irin na ranar ba. Aikin da yake gamawa a minti uku, ranar kowace folda sai ya tsaya a ƙofarta, faifan ya yi ta ƙwanƙwasa, sannan layi ɗaya ya fito. Na shiga. Babu a nan, Yaya. Yarinyar ta zo ta tsaya a gefena tana karantawa a hankali. Ta ce, "Wane ne Yaya?" Na ce ni ne. Ta ce, "Wa ke magana?" Na ce ƙanwata. Ta leƙa bayan kwamfutar, ta dawo ta tsaya.

Wajen ƙarfe uku da rabi Lalube ya iso ƙofar "Nawa". Na san wurin, don sau dubbai na ga ya wuce ta. Ina jiran kalmomi huɗun da na saba. Maimakonsu sai allon ya rubuta: "Na shiga."

Daga nan sunayen fayiloli suka fara fitowa, domin in faifan ya kasa karanta fayil, Lalube yakan rubuta sunansa da ranar da aka ajiye shi kafin ya wuce. Duka na muryar da aka naɗa ne. Ba sirrin 'yan mata ba ne. Na farko sunansa "sakamakon asibiti", kuma ranarsa kwana biyar ce kafin ta rubuta Lalube. Na biyu, "ban gaya wa kowa ba". Sauran suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, kowane da "tik… tik" a tsakani:

"don Yaya, yadda ake canza tawadar firinta ba tare da an ɓata riga ba"

"don Yaya, in Lalube ya tsaya"

"don Yaya, dalilin da ya sa na ɓoye"

"don Yaya, in ya yi fushi"

"don Yaya, in ya huce"

Goma sha tara na ƙirga. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana zuwa shagon nan, tana riƙe min fitila, tana tsokanar masu ƙifta ido, alhali ta sani. A lokacin ne kuma na tuna maganarta ta ƙarshe da ni a asibiti, kwana biyu kafin harshenta ya yi nauyi. Ta ce, "Yaya, ka duba Gwaggo." Na ɗauka cewa take in kula da ita, in riƙa share mata ƙura. Na ce ta kwantar da hankalinta, Gwaggo na nan lafiya. Ta rufe ido kamar wadda ta gaji da ni.

Hannuna yana kan linzami. Ina iya tsayar da Lalube, in gwada kwashe foldar zuwa filashi, ko fayil ɗaya ne in samu. Amma na san in na tsayar da shi faifan ba zai sake ɗaukar wata doguwar tafiya ba, kuma bai kai ga direban ba tukuna. Na waiwaya. Tsohuwar na zaune inda take, hannayenta a cinya, ba ta san abin da ke faruwa ba. Yarinyar ta ce, "Baba, me ya sa kake gumi?"

Na ɗauke hannuna. Lalube ya fito daga "Nawa", ya ci gaba.

Minti goma sha biyu bayan haka ya shiga "Kar a goge 2", ya shiga "Lasisi", ya shiga wata folda da ni kaina na manta da ita, mai suna "Ba a karɓa ba". Fitilar filashi ta yi ƙyalli sau uku. Allon ya rubuta, "Ga shi, Yaya. Ka go". Nan ya tsaya. Faifan ya yi wata ƙara siririya, "tsiiii", wadda ban taɓa jin irinta ba, sannan shiru. Fankar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci, ba ta san an tafi an bar ta ba.

Na kai filashin ga ƙaramar kwamfutar da nake gyaran sabbin hotuna da ita, na buga hoton babba. Mutum ne mai dogon wuya, da ɗan tabo a gira, ya matse baki kamar yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. Tsohuwar ta riƙe hoton nesa, ta matso da shi kusa, ta shafa tabon da babban yatsa. Ta ce, "Ƙofa ce ta buge shi, yana shekara shida." Yarinyar ta karɓa ta tafi gaban madubin da mutane ke gyara kwalliya, ta ɗaga shi kusa da fuskarta, ta matse bakinta. Sun tafi wajen ƙarfe biyar, tsohuwar tana sa min albarka har bakin titi.

Mai gyara ya zo ranar Asabar da na'urarsa kamar yadda ya yi alkawari. Ya gwada awa uku. Ya ce allurar da ke karanta faifan ta faɗa kansa ta kankare shi. Da na ba shi labarin foldar, ya ce ba abin mamaki ba ne: wurin da sunanta yake a rubuce ya lalace, harafi ɗaya ya canza, shi ya sa Lalube bai gane ta ba ya shiga. Ya ce haka injuna suke, in gaya wa zuciyata haka. Na karɓi bayaninsa, domin masani ne kuma bai taɓa yi min ƙarya ba. Sai dai ni na ga sunan a allo da idona lokacin da Lalube ya shiga, kuma haruffan nan huɗu daidai suke. Ban gaya masa wannan ba.

Marigayiya ta bar allonta, wanda yanzu ba ya nuna komai sai wanda ya tsaya a gabansa. Ta bar linzami mai karyayyen maɓalli ɗaya, da firintar da suka yi shekara goma sha ɗaya suna faɗa, da sabon faifai a cikin kwalinsa wanda bai taɓa yi mata rana ba. Ta bar filashi mai ɗauke da hoto guda. Lalube ya tafi tare da ita, don a cikinta yake zaune, kuma ban taɓa tunanin kwafe layi arba'in da ɗaya a takarda ba. Mai gyara ya ce zai rubuta min wani cikin awa guda, wanda ya fi shi sauri. Na ce ya rubuta, amma kada ya sa masa baki. Ta kuma bar ni, da sunayen fayiloli goma sha tara da na zauna na rubuta a bayan kalanda tun kafin su zame min. Goma sha shida na iya tunawa.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Laraba da ƙarfe goma na safe mai gyara zai buɗe ta ya ciro faifan. Gangar jikin za ta bi mai gyaran, ya raba wa injunan da ke da bukata, don na san ba za ta ƙi ba. Faifan za a naɗe shi a farin ƙyallen da muke goge gilashin kyamara, a sa shi a aljihun tebur na ƙasa, a kulle. An ce akwai masu buɗe irinsa a ɗaki marar ƙura, wani lokaci su ceto wani abu, yawanci ba sa cetowa. Ban yanke shawara ba, kuma ina roƙon a daina tambayata.

Za a karɓi gaisuwa a shago har ƙarshen mako. Masu zuwa neman tsofaffin hotunansu su yi haƙuri, babu sauran su a wurinmu.

Roƙo ɗaya iyalan marigayiya ke yi. Auta ba ta son a ɗauke ta hoto, 'yan kaɗan da na sata ba ta sani ba duk suna cikin Gwaggo. Amma duk wanda ya ɗauki hoto a tsaye a shagon nan tsakanin shekara tara zuwa bakwai da suka wuce, lokacin muna da labulen bango mai ƙyalli, don Allah ya ciro shi ya duba gefen hagu daga sama. Wani lokaci labulen yakan kama inuwar wadda ke riƙe da fitila. In kun ga wata siririya da hannu a sama, ku kawo min in kwafa. Zan mayar muku da hotonku a ranar, ba tare da ya yi ko lanƙwasa ba.